Ƙwan Mai Giɓi

Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Uwar Kaji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar hagu da take ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kunne kuwa kin san labarinsa. Shekara ashirin da shida ina tsaye kusa da injin famfo, yanzu mutum zai yi ta ihu a gabana, ni bakinsa kawai nake gani yana motsi. Shi ya sa ban kira ki ta waya ba. Direban da yake kawo miki abincin kaji yana wucewa ta ƙofar tashar famfon nan da aka kawo ni, ya ce zai riƙa kai mana takarda.

Na san mun daɗe ba mu gaisa ba. Wannan maganar mu ajiye ta tukuna, akwai wadda ta fi ta gaggawa.

Kin ji dai an ɗauke ni daga gidan famfon bakin tafki, saura shekara ɗaya in ajiye aiki, an jefo ni nan, tafiyar yini guda, inda ko kwaɗo babu. Wannan bai ishe su ba. Jiya na ga sanarwa a allon ofis, wai nan da mako biyar za a zuba kankare a gaɓar yashin da ke bayan tsohon ɗakina, tun daga bututu har gindin bishiyar nan da tsawa ta tsaga. Wai gaɓar tana zaizayewa. Wanda ya sa hannu a takardar, na rantse bai taɓa cire takalmi ya taka yashin nan ba. Na rubuta musu shafi uku na kai da kaina, magatakarda ya jefa a durowa ina tsaye ina kallonsa.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. A wannan yashin Mai Giɓi take zuba ƙwai. Kififiya ce, wato kunkurun ruwa, faɗinta ya kai murfin babbar tukunya. A shekarata ta biyu a aiki ta maƙale a ragar ƙarfen da ke bakin bututu, na ɓanɓaro ta da ƙyar, garin haka na gutsure mata gefen baya ta dama. Tun daga lokacin duk shekara take hawowa gaɓar nan, ni kuma ina rubutawa a littafina. Da can sun fi goma masu hawowa. Bara ita kaɗai na gani. Shekara uku a jere guza da karnuka suna tone ramin da zarar na shiga duba injin. Ta tsufa, ban san ko tana da wata shekarar a gaba ba. In kankare ya rufe ƙwan bana, shi ke nan an gama da su a tafkin.

Ga abin da za ki yi. Ki jira ruwan sama mai ƙarfi na farko. Washegari da sassafe ki je ki zauna bayan tankin ruwan gidan famfo, kada ki yi motsi, ko tari ne ki haɗiye shi. Za ta fara fito da hanci kawai, ta daɗe tana duba gari kafin ta hau. Za ta tona wuri biyu ko uku ta bari, kada ki ruɗu, gwaji take yi. Inda ta kafa ƙafafun gaba ta jiƙa ƙasa da ruwan cikinta, to nan ne. Da ƙafafun baya take haƙa, ta ɗebo da dama ta ajiye, ta ɗebo da hagu ta ajiye, ko sau ɗaya ba ta waiwaya ta ga abin da take yi. Ramin wuyansa ƙarami ne, cikinsa babba, kamar tulu. In ta gama sai ta rufe, ta daddale wurin da ƙirji, ta koma ruwa.

Da ta shige ruwa ki tone da hannu, ban da cebur. Ki kwashe ƙwan a bokiti tare da yashin wurin, ki kai gida ki ajiye inda yake da ɗumi da 'yar laima. Ki sa wa kowane ƙwai alama da fensir a samansa saboda juyi. Wata biyu da 'yan kwanaki suke yi kafin su fito.

Na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda zan ba wannan aiki ba sai ke. Kowa ya san hannunki a kan ƙwai.

Kawunki,
Mai Famfo

Ranar Alhamis

Kawu,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, maigidan yana fama da hawan jini amma yana shan magani, yara suna makaranta. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi.

Da direba ya miƙo mini ambulan na ga rubutunka, sai da na nemi buhun dusa na zauna. Shekara huɗu! Na ce yau dai Kawu ya tuna Inna ta rasu. Na karanta shafi na ɗaya, na karanta na biyu, na duba bayan takarda ko akwai saura. Kunkuru. Shafi biyu cur a kan kunkuru, mahaifiyata kuwa ta samu layi ɗaya, wai mu ajiye maganarta tukuna. Ai a ajiye take, Kawu. Shekara huɗu ke nan da muka ajiye ta a ƙasa, kuma ba ka cikin waɗanda suka raka ta.

Ni da kai zumuncin nesa ne, sai an zauna an jera kakanni kafin a gano inda muka haɗu. Inna ce ta ja ka a jiki, ta ce mu riƙa ce maka Kawu, ta riƙa aika maka abinci gidan famfo duk ranar da kake aikin yini. Ranar da aka binne ta, mai gyaran keke ya gan ka zaune bayan tanki kana kallon yashi. Tsakaninka da gidanmu tafiyar minti ashirin ce a ƙafa.

Na ce ba zan je ba. Na faɗa wa maigidan, har kaji na faɗa wa. Amma ranar Asabar aka tafka ruwa, da gari ya waye Lahadi sai na tsinci kaina da bokiti a hannu. Kada ka ɗauka don kai ne. So nake in ga fuskar wadda ta fi uwata daraja.

Na gan ta, kuma mummuna ce. Hanci siriri kamar bakin buta, wuya duk tamoji, baya a shimfiɗe, ga giɓin nan naka a gefen dama. Ta sa ni zaman fiye da awa ɗaya sauro yana cina. Ta tona nan ta bari, ta ja jiki ta tona can ta bari, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. A na uku ta tsaya. Abu ɗaya zan ba ta: duk ƙwan da ya faɗo sai ta sa ƙafar baya ta tare shi, ta gyara masa wuri a hankali, alhali ba ta ganinsa. Wannan ya ba ni mamaki, ba zan ɓoye ba.

Amma da ta gama fa? Ta tura yashi, ta bubbuga da ƙirji, ta kama gabanta ko waiwaye babu. Wace irin uwa ce wannan? Kazata mafi lalaci tana kwana ashirin da ɗaya a kan ƙwai, ci da sha sai da ƙyar, in ka kai hannu ta sare ka. Wannan ta zuba ta tafi abinta. Na ga dalilin da jininku ya haɗu.

Na tone da hannu kamar yadda ka ce. Ina cikin kwasa hadari ya sake haɗuwa, na yi sauri. Guda goma sha bakwai ne, farare, kewayayyu kamar ƙwallon tebur. Na mayar da yashi na cike ramin don kada wani ya karye a ciki. Suna ɗakin ƙyanƙyasa yanzu, cikin tire da yashinsu, a kan kanta kusa da injin, inda ɗumi yake daidai. Ina yayyafa musu ruwa kaɗan. Bayan kwana biyu wani farin tabo ya fito wa kowanne, na ɗauka fumfuna ce, na goge da busasshen tsumma bai fita ba. In ka san maganinsa ka faɗa.

Juyin da ka ce kuwa ba sai ka koya mini ba, sana'ata ce. Safe, rana, yamma, duk lokacin da na juya na kaji ina juya naka, alamar fensir ta koma ƙasa, an jima ta dawo sama. Ko sau ɗaya ban yi fashi ba.

Uwar Kaji

Ranar Asabar

Ke,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba lafiya ba.

Takardarki ta kwana tara a aljihun direba, wai motarsa ta lalace a hanya. Na karanta ta a tsaye a ɗakin injin. Zagin da kika yi mini a farko na haɗiye shi. Da na zo layin ƙarshe sai da na sake karantawa, ko idona ne.

Kin kashe su. Da hannunki, sau uku a rana, kina alfahari ba ki yi fashi ba!

Wa ya ce miki ana juya ƙwan kififiya? Ƙwan kaza yana da igiyoyi a ciki da suke riƙe gwaiduwa, ki mirgina shi yadda kika ga dama. Wannan ba shi da su. Kwana ɗaya da zuba shi ɗan yake manne wa ɓawo ta sama, kuma a nan zai zauna har ya fito. Farin tabon da kika ce fumfuna ce, har kina dirza shi da tsumma, nan ne ɗan yake, ta nan yake shan iska. In aka kifa ƙwan, gwaiduwa ta faɗo masa a ka ta danne shi. Alamar fensir don a san ina ne sama, kada a juya shi garin ɗauka. Abin da yaron goye ma zai gane.

Ke da kike da ido, ba ki ga uwar ta tafi ba? Har zaginta kika yi. To wa kike zato yake shiga ramin yana juya su safe da rana da yamma? Guza? Ba ki tsaya kin tambayi kanki ba, saboda kin san komai, duk abin da yake da ɓawo a duniya kaza ce a wurinki.

Shekara uku ina faɗa da karnuka a kan ƙwan nan. Da na sani da na bar musu, su ko ba komai yunwa ce ta kawo su.

Ki ɗauke hannunki daga kansu yanzu-yanzu. Yadda takardar nan ta same su, haka za ki bar su. Wataƙila akwai ɗaya mai taurin rai, ko da yake ban sa rai ba.

Kuma ki faɗa mini gaskiya. Kin ce kin je ne don ki ga wadda ta fi mahaifiyarki daraja. Ko ramuwa ce kika yi? In haushina kike ji, ga ni nan da raina, ki zo ki zage ni a gaban ma'aikata. Me ƙwai ya yi miki?

Mai Famfo

Ranar Litinin

Kawu,

Lafiya muke. Maigidan ya ce in bari in huce kafin in rubuta, na ce masa ya je ya sha maganinsa.

Ka duba ƙasan takardar nan. Layinka ne, na yanko shi da almakashi daga wasiƙarka ta farko na manna da gam. Ka sa tabarau ka karanta da ƙarfi, ko kunnenka zai ji: "Ki sa wa kowane ƙwai alama da fensir a samansa saboda juyi."

Saboda juyi! Ka ɗauki wannan layi ka kai wa duk mai kiwon kaji a duniya ka ga abin da zai yi. Mu ba ma sa wa ƙwai fensir sai don mu san wanda muka juya da wanda ba mu juya ba. Shekara goma sha takwas nake wannan. Ka zaɓe ni saboda hannuna a kan ƙwai, ka rubuta mini da yaren sana'ata, sannan ka ce yaron goye zai gane. Ka samu wurin rubuta mini wace ƙafa take fara ɗagawa, ka samu wurin zagin magatakarda, amma "kada" mai harafi huɗu ta gagare ka.

Da takardarka ta zo na rufe tagar ɗakin ƙyanƙyasa na ɗauko tocila, na haska su ɗaya bayan ɗaya ba tare da na ɗaga ba. Ƙwai mai rai jijiyoyi ake gani a ciki sun bazu. Goma sha ɗaya zoben jini na gani, ja, ya kewaye ciki. Ba sai an fassara mini ba, a kaji ma haka yake: ɗan ya fara, ya mutu. Sauran shidan sun dagule, har sun fara wari. Babu mai taurin rai, Kawu. Duka sun tafi.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ni, a kan ƙwan kunkuru. Ƙaramar 'yata ta leƙo ta ɗauka wani ne ya rasu.

Sannan ka ce ramuwa. Ranar taron iyaye a makaranta na baro wurin ana tsaka da magana, na hau mota na dawo gida don kada juyin rana ya wuce su. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, da rarrafe na shiga ɗakin. Duk ranar da na ƙara ƙoƙari ashe ƙara kashe su nake yi, kuma kai ka sa ni a hanyar. In da ramuwa nake so, da na zauna a gida na bar kankare ya yi mini aikin.

Na binne su a gindin lemon bayan gida. Na tsaya har na gama rufewa, ban aika wani ba, ban zauna bayan tanki ba.

Kada ka sake rubuto mini. Direba ma na gaya masa.

Uwar Kaji

Ranar Laraba

'Yata,

Allah ya sa kuna lafiya. Kin ce kada in rubuto, na roƙi direba har ya gaji ya karɓa. Ki karanta wannan kaɗai, in ya so ki ƙona.

Na sa tabarau. Na karanta layin sau ba adadi, na nemi "kada" ban same ta ba. A kaina tana nan, a takarda babu. Shekara ashirin da shida ina magana da kaina a ɗakin injin, na saba in faɗi rabin zance in ɗauka na faɗi duka. Ni na kashe su. Maganar ramuwa kuwa, bakina ne ya yi ƙazanta, ki yafe.

Yanzu ki saurara, don lokaci ya ƙure. Fushi ya rufe mini ido ban lura da abin da kika rubuta ba. Kin ce goma sha bakwai. Na buɗe littafina na bi shekara-shekara. Mai Giɓi ba ta taɓa zuba ƙasa da ashirin da huɗu ba. Kin ce hadari ya kore ki kin yi sauri. Cikin ramin ba a miƙe yake ba, yana karkata ta ɓangaren ruwa, na farkon da ta zuba can suke shigewa. Akwai saura a ƙasa, kuma kin rufe su da yashinsu, babu hannun da ya taɓa su. Ranar Litinin mai zuwa masu kankare za su fara. Ban san abin da za ki iya yi ba. Na nemi izinin kwana biyu, shugaban tasha ya ce babu mai riƙe mini injin.

Saura maganar da na ce mu ajiye. Mai gyaran keke bai yi ƙarya ba. An zo an faɗa mini da safe, na fahimta sarai. Na sa riga zan fito, sai na ga sawun Mai Giɓi a kan yashi, na ce bari in zauna minti goma. Yaya, wato mahaifiyarki, ita ce ta fara nuna mini ramin kififiya muna yara, a wannan gaɓar, ta doke mini hannu da na kai zan ɗauka. Na zauna ina tuna wannan, ƙafata ta ƙi tashi, har na hango mutane suna dawowa. Washegari kunya ta hana ni zuwa, jibi ta ƙaru, haka har shekara huɗu. Ba hujja ba ce, tsoro ne da rashin kirki. Har yau ban san inda kabarinta yake ba.

Kawunki

Ranar Juma'a

Uwar Kaji,

Ina gaisuwa, ina fata jikin maigidan da sauƙi. Gwiwata ta kumbura amma ba ita ce damuwata ba.

Mako shida ke nan. Direba ya ce kin karɓi takardata kin sa a aljihu, ba ki ce masa uffan ba. Duk zuwansa ina tare shi a ƙofa kamar maroƙi, yana girgiza mini kai. Ya ce ya hango injin kwaɓa siminti a bakin tafki, gaɓar ta yi fari fat. Na tambaye shi bayan tanki fa, ya ce shi hanya yake kallo.

Wannan wace irin azaba ce? In an rufe su ki ce an rufe su. In ba ki je ba ki ce ba ki je ba, ba zan ce komai ba, ba ni da bakin cewa. Ko zagi ne ki aiko, na fi son sa da wannan shirun.

Kawunki

Ranar Laraba

Kawu,

Muna lafiya, maigidan ya samu sauƙi har ya koma shago. Ka riƙa ɗaura wa gwiwar ruwan ɗumi.

Mako shida ya dame ka? To ka ɗanɗana. Da gangan na yi, kuma ban yi nadama ba.

Takardarka ta zo mini ranar Litinin da safe, na karanta a bakin ƙofa. Da na isa tafki sun riga sun kafa turaku sun ja igiya, igiyar ta bi ta kan ramin daidai. Na durƙusa na zura hannu har gwiwar hannu, na karkata ta ɓangaren ruwa kamar yadda ka ce. Yatsuna suka taɓa su. Na ƙirga takwas da kan yatsa, ban ɗaga ko ɗaya ba, na zare hannuna na mayar da yashi. Tun farko ka ce in kwashe, amma hannun nan ya riga ya kashe goma sha bakwai, ban yarda da shi ba. Na koma gida na ɗauko kejin tsaki, na kifa shi a kan wurin, na danne da duwatsu, na ajiye kujerata a gefe na zauna.

Shugaban leburorin ya zo da takarda a hannu.

"Baiwar Allah, tashi mana, aiki za mu yi."

Na ce, "Ku yi mana. Gaɓa ai da tsawo."

"Me kike gadi a nan?"

"Ƙwai."

"Ƙwan me?"

"Na kunkuru."

Leburori suka fashe da dariya, wani ya ce a tono a soya musu su karya. Na ce masa ya matso ya gwada, in ya koma gida da haƙoransa duka to ba ni ce Uwar Kaji ba. Shugaban ya ce zai kira 'yan sanda. Na ce, "Kira su, amma ka ce su taho da kujerunsu, don ni wata ɗaya da rabi zan yi a nan." Duk haushinka da nake ji a kansa na sauke, bawan Allah, alhali bai ji ba bai gani ba. Ya yi ta kallona, can ya ce, "Ba ke ce mai tsakin nan ba? A wurinki matata take sayen tsaki, ta ce ko motsin kirki ba a yi a ɗakin ƙyanƙyasarki." Ya cire hula ya sosa kai, ya ce za su faro daga gindin bishiya su taho, in sun iso nan sai abin da Allah ya yi.

Sun iso tun mako biyu da suka wuce. Sun zuba dama, sun zuba hagu, ya bar mini yashi faɗin tabarma ɗaya a tsakiya, ya ce zai ce wa na sama siminti ne ya yanke. Safe da yamma ina can, da rana leburorin ne suke duba mini, har da mai son suyar. Guza ya zo sau biyu, na biyun ya sha kujera a gadon baya.

Jiya aka yi ruwa. Yau da safe na tarar yashin ya lotsa a tsakiya, kamar an danna da babban yatsa. Ina tsaye wani ɗan hanci ya ɓullo. Kawu, bakwai ne. Ɗaya ƙwan bai yi ba. Kowanne bai wuce murfin kwalba ba, amma hancin nan na uwarsu sak, munin ma sak. Ba wanda ya nuna musu hanya, duka suka nufi ruwa suna ture ragar keji. Shugaban leburori, ƙato da gemu, ya tsuguna yana ce musu sannu.

Suna cikin baho a tsakar gidana da ruwan tafki. Akwai ragowar gwaiduwa a cibiyarsu, na san ba sa bukatar abinci tukuna, amma ba zan tsare su ya wuce Asabar ba. Litinin za a rufe wurin. Inda uwarsu za ta zuba baɗi kuwa, akwai ɗan yashi bayan bishiya da igiyarsu ba ta kai ba. Lokacin ka ajiye aiki, kai za ka zauna a kujerar, ni ina da kaji.

Maganar Inna na karanta ta sau biyar. Ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka bakwai ɗin nan sun biya. Ka gaya wa shugaban tasharku ya riƙe injin da kansa. Direba zai taso da kai ranar Juma'a, na riga na yi magana da shi, ka kwana a gidana. Asabar da safe zan kai ka inda take, ka tsaya a kanta ka faɗa mata abin da ka faɗa mini. Daga can mu dawo mu ɗauki baho, ka sake su da hannunka.

Na rubuta maka dalla-dalla don kada wani ya ce bai gane ba. Kabari tukuna, sannan tafki. Kada ka juya.

'Yarka,
Uwar Kaji